Harshe, Tunani da Jiki: Tsokaci a Kan Ra'ayin Sapir da Whorf Bisa Ma'aunin Hausa a Garin Sabha

1.0 Gabatarwa

Tambayar ko harshen da mutum ya tashi da shi yana da tasiri a kan tunaninsa tsohuwar tambaya ce a fagen kimiyyar harshe. Duk ɗalibin da ya zauna a ajin walwalar harshe ko na ilimin ma'ana ya ci karo da ita da sunan ra'ayin Sapir da Whorf. Abin da aka saba gani a rubuce-rubucen ɗalibai shi ne a kawo ra'ayin, a jero kalmomin Hausa goma ko ashirin waɗanda ake ganin babu irinsu a wani harshe, daga nan a yanke hukunci cewa Bahaushe yana kallon duniya da wani ido na daban. Wannan takarda za ta yi tsokaci ne a kan irin wannan hujja. Za a kasa hujjojin da ake kawowa gida uku, wato hujjar kalmomi da hujjar nahawu da hujjar mu'amala, a auna nauyin kowace. Matsayin takardar shi ne, harshe ba ya hana mutum tunanin kome, amma yana horar da hankalinsa da jikinsa ta hanyar abin da yake wajabta masa ya faɗa kullum, kuma tasirinsa ya fi ƙarfi a tsakanin mutum da mutum. An zaɓi garin Sabha na ƙasar Libiya a matsayin wurin yin wannan awo.

2.0 Dalilin Zaɓen Sabha

Ba a iya gane tasirin harshe ɗaya sai an ajiye shi kusa da wani. Sabha shi ne babban birnin yankin Fazzan, kimanin kilomita 640 kudu da Tarabulus, kuma a cikinsa ana jin Larabci da Tubanci da Tamashek na Abzinawa, sannan ga Hausa a bakin 'yan kasuwa da leburori da matafiya daga Nijar da Nijeriya. Larabci da Tamashek da Hausa 'yan dangi ɗaya ne, wato dangin harsunan Afirka da Asiya, amma rassansu daban-daban. Tubanci kuwa ɗan'uwan Barbarci ne, daga wani dangi ke nan. Jami'ar Sabha, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1983, tana cikin jami'o'in ƙasashen Larabawa da aka koyar da Hausa a cikinsu.

Hausa ba baƙuwa ba ce a Fazzan. Ayarin fatake sun daɗe suna haɗa Kano da Katsina da Tarabulus ta Agadas da Gat da Murzuƙ, kuma unguwar Ɗandalin Turawa a Kano tana riƙe da tarihin lokacin da kalmar “Turawa” take nufin Larabawan arewacin Afirka. Ta Murzuƙ Heinrich Barth ya bi a 1850 a kan hanyarsa ta zuwa Kano, kuma ta nan ya koma a 1855 tare da yaro Bahaushe Dorugu, wanda labaransa suka zama ginshiƙin rubuce-rubucen Hausa na J. F. Schön. Saboda haka wuri ne da masu harsuna huɗu suke zaune a ƙarƙashin rana ɗaya da iska ɗaya, mafi yawansu kuma addininsu ɗaya. In har aka ga bambanci a tsakaninsu, zai fi sauƙi a tambaya ko daga harshe ya fito.

3.0 Ra'ayin da Ake Taƙaddama a Kansa

Edward Sapir ya rasu a 1939, ɗalibinsa Benjamin Lee Whorf kuma a 1941. Ba su taɓa haɗuwa sun rubuta wani ra'ayi da sunansu su biyu ba. Harry Hoijer ne ya raɗa wannan suna a 1954, aka kuma tattara rubuce-rubucen Whorf aka buga a 1956. Masana sun kasa ra'ayin gida biyu. Mai tsauri yana cewa harshe ne ke shata iyakar tunani, abin da babu shi a harshe ba zai shiga kai ba. Mai sassauci yana cewa harshe yana karkatar da hankali ne zuwa ga wasu abubuwa fiye da wasu.

Ra'ayi mai tsauri ya sha kaye. Whorf ya yi da'awar cewa harshen Hopi na Amurka ba shi da hanyar bayyana lokaci irin ta harsunan Turai, sai Ekkehart Malotki ya fitar da babban littafi a 1983 cike da misalan yadda Hopi ke ƙirga kwanaki da bayyana lokaci. Mai sassauci kuwa ya sami goyon baya daga gwaje-gwaje. Levinson (2003) ya nuna cewa masu harshen Guugu Yimithirr na Ostireliya, waɗanda ke amfani da gabas da yamma da kudu da arewa a inda wasu za su ce dama da hagu, suna riƙe da jihohin nan a ka a kowane lokaci. Winawer da abokan aikinsa (2007) sun gano cewa Rashawa, waɗanda harshensu ya raba shuɗi mai haske da shuɗi mai duhu da kalmomi biyu, sun ɗan fi saurin bambance launukan biyu. Abin lura a nan shi ne, bambancin na ɗan guntun daƙiƙa ne. Slobin (1996) ya ba wannan matsayi suna mai ma'anar “tunani domin magana”, wato lokacin da mutum yake shirin furta zance dole ya lura da abin da nahawun harshensa zai tambaye shi. Da wannan ma'auni za a duba Hausa.

4.0 Hujjar Kalmomi

Wannan ita ce hujjar da ɗalibai suka fi so, kuma ita ce mafi rauni. Misalai uku za su isa.

4.1 Gibli da Gabas

A Libiya ana kiran iska mai zafi da ƙura da ke tasowa daga Sahara “gibli”. Asalin kalmar ita ce “ƙibli”, wato na wajen alƙibla, domin Larabcin Libiya yana furta “ƙ” ta Larabci kamar “g”. Ma'anarta a nan ita ce na kudu, kamar yadda a Masar ake kiran kudancin ƙasar da wannan kalma. Bahaushe kuwa ya ɗaure alƙibla da gabas, har ya kan ce wane ba ya kallon gabas in yana nufin ba ya salla. Ke nan kalma ɗaya ta asali ta nuna kudu a harshe ɗaya, ta nuna gabas a ɗayan.

Da ra'ayi mai tsauri gaskiya ne, da sai a sami ruɗani a masallatan Sabha. Amma babu shi. Daga Sabha alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata kaɗan zuwa kudu, daga Kano kuma tana gabas maso arewa, kuma kowa yana juya jikinsa inda ya kamata. Balaraben da ya ce gibli ta taso bai ɗauka Makka tana wajen Murzuƙ ba. Darasin shi ne, tarihin kalma ba shi ne tunanin mai furta ta ba. Ɗalibin da ya tono asalin kalma ya gano tarihi ne, bai gano abin da ke cikin kan mutanen yau ba.

4.2 Ji da Gani

Ian Ritchie (1991) ya yi nazarin kalmomin Hausa na gaɓoɓin ji da gani, ya kai ga cewa Hausawa sun kasa hanyoyin sanin abu gida biyu ne kawai, wato gani a gefe guda, ji a ɗaya gefen. Hujjarsa tana da kama da gaskiya idan aka dubi waɗannan misalai:

(1) a. Na ji kiran salla.
b. Na ji ƙamshin turare.
c. Na ji gishiri a miyar.
d. Na ji sanyi.
e. Ina jin Hausa.
f. Na ji tausayinsa.

Ɗalibi Balarabe zai nemi aikatau daban-daban don fassara waɗannan jimloli, kamar “sami'a” da “shamma” da “zaƙa” da “ahassa” da “fahima”. A Hausa kuwa “ji” ta ɗauke su duka. To amma daga nan zuwa cewa Bahaushe bai raba hanci da harshe da kunne ba akwai tazara mai yawa. Na farko, Hausa tana da “saurara” da “sansana” da “ɗanɗana” da “taɓa”, kuma ba a musanya su. Ba wanda zai ce a saurari miya a gani ko gishiri ya ji. Bambancin da Hausa ta yi shi ne tsakanin aikin da mutum ya yi da gangan da abin da ya riske shi. Na biyu, kalmar da ta biyo bayan “ji” ita ce ke fayyace gaɓar da ake nufi, domin ƙamshi ba ya shiga ta kunne. Mai sayar da turare a kasuwar Kurmi da mai haɗa yaji ba su rasa kome ba don aikatau ɗaya suke amfani da shi.

Abin da ya rage na gaskiya a nazarin Ritchie shi ne dangantakar da Hausa ta ƙulla tsakanin sauraro da fahimta da biyayya. Yaron da “ba ya ji” ba kurma ba ne, mai taurin kai ne. Sai dai ko wannan bai keɓanta da Hausa ba, domin Larabci ma yana haɗa ji da ɗa'a wajen amsa umarni.

4.3 Ci da Sha

Gouffé (1966), daga baya kuma Jaggar da Buba (2009), sun yi nazarin yadda aikatau “ci” da “sha” suka yaɗu zuwa wasu ma'anoni. Jaggar da Buba sun nuna cewa “ci” ta fi tafiya da rinjaye, “sha” kuma da abin da ya auka wa mutum:

(2) a. ci nasara, ci jarrabawa, ci gari da yaƙi, ci amana, ci mutunci
b. sha wahala, sha duka, sha rana, sha kaye, sha suka

Wannan nazari ne mai kyau, kuma ya dace da abin da Lakoff da Johnson (1980) suka ce, wato ɗan Adam yana gina ma'anoni masu zurfi a kan abin da jikinsa ya sani. Mai ci yana tauna, yana rinjayar abin da ke bakinsa. Mai sha kuwa abu ne ke kwarara cikinsa. Amma a lura da abu biyu. Tsarin ba ya rasa togaciya, domin ana cewa wane ya ci baƙar wuya ko ya ci duka. Haka kuma alƙiblar tasirin a nan daga jiki take zuwa harshe. Jiki ne ya ba harshe hoton, kamar yadda ya ba shi “farin ciki” da “zurfin ciki” da “faɗuwar gaba” da “girman kai”. Wanda ya kawo waɗannan misalai don ya nuna harshe yana sarrafa jiki ya hau doki ta baya.

5.0 Hujjar Nahawu da Tsarin Sauti

Jakobson (1959) ya yi nuni da cewa harsuna sun fi bambanta a abin da suke wajabta wa mai magana ya bayyana, fiye da abin da suke ba shi damar bayyanawa. Kalma ana iya kauce mata. Nahawu ba a kauce masa. Saboda haka hujjar nahawu ta fi ta kalmomi nauyi.

5.1 Ɗafa-ƙeyar “-o”

A rabon aikatau na Parsons (1960), wanda Newman (2000) da Jaggar (2001) suka faɗaɗa, aji na shida shi ne mai ƙarewa da “-o”, kuma yana nuna aikin ya fuskanto wajen mai magana:

(3) fita/fito, shiga/shigo, sauka/sauko, aika/aiko, tura/turo, saya/sayo, kai/kawo

(4) a. Ya sayi dabino a Sabha.
b. Ya sayo dabino daga Sabha.

(5) a. Ya aika da kuɗi gida.
b. Ya aiko da kuɗi gida.

A jimla ta (5a) mai magana ba ya gidan, wataƙila yana Sabha tare da mai aiken. A ta (5b) yana cikin waɗanda kuɗin suka iske. Wasali ɗaya ya faɗi inda jikin mai magana yake. Duk lokacin da Bahaushe zai ambaci motsi, nahawunsa yana tambayarsa, kai kana ina? Tsarin ya ma ƙetare zuwa lokaci, inda ake cewa azumi ya ƙarato ko damina ta gabato, kamar lokaci ne ke tahowa ya iske mutum a zaune.

Larabci yana da aikatau na tafiya da na zuwa, na kaiwa da na kawowa, amma ba shi da ɗafi guda da ake liƙa wa kusan kowane aikatau don wannan aiki. Tamashek kuwa, kamar sauran harsunan Berber, tana da ɗafin da ke nuna nufowa da wanda ke nuna nisantawa. Abin da ake sa rai ke nan shi ne ɗalibi Ba'abzine ya riga ɗalibi Balarabe kama aji na shida, ko da kuwa Balaraben ya fi shi cin moriyar kalmomin aro irin su “alƙalami” da “littafi” da “darasi”. Wannan hasashe ne da za a iya gwadawa a aji, kuma irinsa ne ya kamata ɗalibai su riƙa bi. Amma ko an tabbatar da shi, abin da zai nuna shi ne sabo. Balarabe ya san inda yake tsaye sarai, harshensa ne bai saba tambayarsa a kowace jimla ba.

5.2 Jinsi

Hausa tana raba namiji da mace a wakilin suna na mutum na biyu da na uku, wato “kai” da “ke”, “ka” da “ki”, “shi” da “ita”, haka ma Larabci da Tamashek. Tubanci da Barbarci ba su da jinsin nahawu, shi ya sa Hausawa suka daɗe suna tsokanar Barebari da cewa suna ce wa mace “ka”. Ana iya cewa Hausa tana tilasta wa mai magana ya lura da jinsin abokin maganarsa kafin ya buɗe baki, kuma wannan gaskiya ne. Amma a yi hattara da wuce nan. A karin harshen Zazzau da na Bauchi jinsin nahawu ya yi rauni, har a ji an ce “mota ne”. Babu mai hankalin da zai ce Bazazzagi yana kallon mota da wani ido daban da na Bakano saboda haka. Akwai wani sanannen gwaji na Boroditsky da abokan aikinta (2003) wanda ya yi da'awar cewa jinsin nahawun kalma yana shafar yadda Jamusawa da Sifaniyawa ke siffanta abu. Da Mickan da abokan aikinsa suka sake gwajin a 2014 ba su sami wannan sakamako ba. Ya kamata ɗalibi ya san da wannan kafin ya rubuta cewa Bahaushe yana ɗaukar rana mace, wata namiji.

5.3 Kunne da Maƙogwaro

Inda tasirin harshe a kan jiki ya fito fili ba tare da gardama ba shi ne tsarin sauti. Werker da Tees (1984) sun nuna cewa jariri yana iya bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara guda kunnensa ya fara karkata ga na harshen gidansu. Balarabe ba zai sha wahalar raba “gari” na mazauni da “gari” na tuwo ba, tun da harshensa ma yana da tsawon wasali. Amma “wuya” ta jiki da “wuya” ta wahala, waɗanda karin sauti ne kawai ya raba su, za su daɗe suna shige masa duhu. Haka nan zai ɗauka “ɗ” da “ƙ” nasa ne, ganin cewa da su Hausa ta ari “ɗalibi” da “alƙali”, alhali yadda maƙogwaro ke aiki wajen furta su a Hausa daban ne. Bahaushe ma haka yake fama da wasu baƙaƙen Larabci. Wannan horo ne na tsoka da jijiya, kuma ana iya sake shi da naci, sai dai da wuya ya goge gaba ɗaya.

6.0 Hujjar Mu'amala

A nan ne harshe ya fi nuna ƙarfinsa, kuma a nan ne nazarin da ya tsaya a kan kalmomi kawai ya fi gazawa.

6.1 Kunya da Alkunya

Kirk-Greene (1974), a laccarsa mai suna Mutumin Kirkii, ya zayyana halaye goma da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Aikin ya yi amfani ƙwarai, kuma har yau ana dogara da shi. Rauninsa shi ne jerin kalmomi yana nuna abin da al'umma take yabo ne, ba ya nuna yadda ake aikata shi. Fiye da rabin kalmomin nan ma daga Larabci aka aro su, don haka ɗalibin Sabha zai gane su da jin farko, ya ɗauka ya san abin da ake nufi. Misalin “alkunya” zai nuna haɗarin haka.

A Larabci “al-kunya” ita ce kiran mutum da Abu wane ko Ummu wane, galibi da sunan babban ɗansa. Girmamawa ce, kuma uban da kansa yana alfahari da ita, yana ambaton sunan ɗan nasa ba tare da wata damuwa ba. Hausa ta ari kalmar, amma ta ɗora ta a kan al'adar sakaya suna. A gargajiyance uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta sai ta ce maigida ko malam ko Alhaji, suruki ba a ambatar sunansa, yaron da ya ci sunan kakansa kuma sai a kira shi Abba ko Baba, yarinya a ce Ummi ko Inna. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ya nuna yadda kunyar ɗan fari take da ƙarfi a ƙasar Zazzau ta wancan zamani. Ke nan a wani wuri ana girmama uba da ambaton ɗan fari, a wani wurin kuma iyaye suna nuna kamun kai da ƙin ambatonsa.

Abin lura shi ne kunya ba ta tsaya a baki ba. Wanda ya sakaya suna shi ne kuma yake sunkuyar da kai, ya rage murya, ya cire takalmi, ya durƙusa. A wurare da dama ya kan ce wa babba “kun tashi lafiya” da jam'in girmamawa. Furucin da motsin jikin abu ɗaya ne, tare yaro yake koyonsu. Wanda ya ce “ranka ya daɗe” yana tsaye ƙiƙam, hannu a aljihu, yana ƙura wa dattijo ido, nahawunsa daidai ne amma bai gaisa ba. Al'adar tana sauyawa, musamman a birane, inda matan zamani da yawa ke kiran mazajensu da wasu sunaye na soyayya, iyaye kuma suna kiran ɗan fari da sunansa. Wannan sauyi ma hujja ce, domin ya nuna mutane ne ke juya harshe idan rayuwarsu ta juya.

6.2 Sunan da Aka Ba Mutum

Kafin Whorf ya yi suna a fagen harshe, kuma har ƙarshen rayuwarsa, ma'aikacin kamfanin inshorar gobara ne a Hartford. Ya lura cewa ma'aikata suna taka-tsantsan a kusa da gangunan da ke cike da fetur, amma suna shan taba a kusa da waɗanda ake cewa babu kome a cikinsu, alhali tururin da ya rage a ciki ya fi saurin kamawa da wuta. Sunan da aka ba abu ya sauya yadda aka yi mu'amala da shi. Wannan misali ya fi duk abin da ya faɗa a kan Hopi ƙarfi, kuma ya shafi Sabha kai tsaye.

Matafiyin da ya taso daga Agadas ya bi ta Dirku da Madama da Gatrun ya iso Sabha yana da suna biyu a kafafen watsa labarai na Hausa. Wani lokaci “ɗan ci-rani” ne, wani lokaci “baƙon haure”. Suna na farko ya fito daga tsohuwar al'adar manomi da ke barin gida bayan kaka ya nemi na kansa, ya komo da faɗuwar damina, kuma babu abin kunya a ciki. Na biyu yana ɗauke da hoton wanda ya haura katanga. Mutumin ɗaya ne, amma abin da mai sauraro zai yarda a yi masa ya danganta da sunan da ya ji. A watan Afrilu na 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta fitar da shaidar matafiya 'yan Afirka ta Yamma da suka ce an sayar da su a Sabha. Kalmar “abid”, wato bayi, wadda wasu ke jifan baƙar fata da ita a Libiya da wasu ƙasashen Larabawa, ta girmi wannan ta'asa da ɗaruruwan shekaru.

Ba kalma ce ta sayar da kowa ba. Rushewar hukuma bayan 2011 da yawaitar makamai da kuɗin fansa su ne musabbabi, kuma akwai mutanen Fazzan masu yawa da ke magana da Larabcin nan ba su taɓa cutar da baƙo ba. Aikin kalma shi ne ta rage nauyin abin a zuciyar mai yi da mai kallo. Kuma kada ɗalibin Hausa ya ɗauka harshensa ya tsira. Larabci ya kira wanda ba Balarabe ba “ajami”, daga tushen da ke nufin rashin fasahar magana. Hausa ma ta kira wanda bai iya ta ba “baubawa”, ta kira gurɓatacciyar magana “gwaranci” da sunan wata al'umma sukutum, ta kuma game Abzinawa duka da sunan “Buzaye”, wanda asalinsa na bayinsu ne. Mai nazarin harshe da ya ga laifin “abid” bai ga na “gwaranci” ba bai gama aikinsa ba.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta auna hujjoji iri uku da ake kawowa don nuna tasirin harshe. An ga cewa hujjar kalmomi, kamar ta “gibli” da ta “ji” da ta “ci” da “sha”, ba ta isa ta tabbatar da bambancin tunani ba, sau da yawa ma tarihi ko jiki ne ke bayyana a cikinta. An ga cewa nahawu da tsarin sauti suna haifar da sabo na hankali da na kunne, kamar yadda aji na shida na aikatau da karin sauti suka nuna, amma sabo ne da ake iya koyo. An kuma ga cewa a fagen mu'amala furuci da motsin jiki a haɗe suke, kuma sunan da aka ba mutum yana shafar abin da ake yi masa.

Daga nan abubuwa biyu suka hau kan ɗalibi. Na farko, duk lokacin da zai rubuta cewa Bahaushe yana tunani kaza saboda harshensa ya ce kaza, to ya nemo shaida daga wajen harshen, wato wani abu da mutane ke yi wanda za a iya gani ko a gwada, in ba haka ba yana kewaya wuri ɗaya ne. Na biyu, mai koyon Hausa a Sabha, da mai koyon Larabci a Kano ko Sakkwato, su sani cewa ƙamus da littafin nahawu rabin aikin ne. Sauran rabin yana wajen gaisuwa da zaman makoki da cinikin kasuwa, inda za a lura da wanda ya fara miƙa hannu, da sunan da aka faɗa, da wanda aka sakaya. Bincike a kan yadda Hausawan Sabha ke gaisawa da Larabawa da Tubawa da Abzinawa, da abin da suke riƙewa da abin da suke saki na al'adar jikinsu idan sun sauya harshe, zai ƙara wa wannan fage abin da jerin kalmomi ba zai iya bayarwa ba.